Yadda za ka sayi sabuwar mota a Legas kuma ta yi maka ƙarko

Mutanenmu na Agege da Mile 12 da Alaba Rago da zarar Allah ya buɗa wa mutum sai ya ce ya gaji da tokumbo, sabuwa dal yake so a leda. Toh madalla. Amma kafin shekara ta zagayo za ka ji shi a majalisa yana cewa ai motocin zamani kwali ne, ina ma Fijo 504. Ni ban yarda ba. Motar yanzu ta fi ta da shan mai kaɗan, ta fi ta birki, ta fi ta kare rai idan an yi hatsari, matsalarta kawai ba ta ɗaukar ganganci irin wanda tsofaffin suka saba shanyewa. Yawancin waɗanda na ga sun yi kuka, su da bakanikensu ne suka kashe ta.

Kafin ka taka shagon dila, fara zuwa Ladipo. E, kasuwar kayan gyara ta Mushin. Ka rubuta sunan motar da shekararta, ka tambayi kuɗin fitilar gaba, madubin gefe, bamba, famfon mai da shokozoba. A garin nan ko kai waliyyi ne a tuƙi sai danfo ko Keke Marwa ya goge ka. Idan shago uku suka ce maka sai an yi oda daga waje, ka san motar za ta iya yin wata biyu a ajiye saboda fitila ɗaya. Motocin Sin irin su GAC, Changan, Geely da Chery sun fi sauƙin kuɗi kuma cikinsu ya ji kayan alatu, ba na hana ka, amma ka tabbatar dilan yana da kayansu a sito nan Legas, ka ce a nuna maka da idonka.

Sai ka san wa ke sayar maka. Akwai dilan da kamfani ya amince da shi, akwai wanda ya shigo da ita da kansa daga Dubai ko Amurka. Ta biyun kan fi araha amma galibi garantin can ba ya biyo ta nan. Duba lambar VIN, wato lambar shaidar motar, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa, su yi daidai da takardar kwastam harafi da harafi. Idan ƙirar Amurka ce harafi na 10 shi ne shekarar, P 2023, R 2024, S 2025, kuma za ka iya sa lambar a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ka ga ko an taɓa kiran irinta gyara, kamar yadda aka kira miliyoyin motoci kan jakar iska ta kamfanin Takata. Ka durƙusa ka karanta taya, lambobi 4 na ƙarshe bayan DOT, in ka ga 2423 to a mako na 24 na 2023 aka yi tayar. Motar da ta daɗe a tsaye kusa da iskar teku tana kama tsatsa ta ƙasa ko da leda na kan kujeru, batirinta ma ya raunana. Ka je da mai na'urar sikana ya jona ya duba ko kwamfutar motar ta nuna wata matsala, kuɗinsa bai kai na cika tanki ba.

Yanzu ga inda ake asarar, kuma a nan nake so ka nutsu. Baƙin mai, wato man inji. Buɗe littafin motar ko ka duba murfin inji, za ka ga an rubuta lambar kaurin man da take sha, kamar 0W-20 ko 5W-30. Bakaniken bakin titi zai zuba a yatsa ya murza ya ce maka Alhaji wannan ai ruwa ne, na ƙasar sanyi ne, zafin Najeriya sai 20W-50. Kar ka saurare shi. Hanyoyin mai a injin zamani sirara ne, kuma da ƙarfin man ne ake sarrafa buɗewar bawul, ga turbo da ke juyawa da gudun tsiya yana jiran mai ya iso shi da an tayar. Mai kauri ba ya isa da wuri, a hankali sarkar taimin ta fara ƙara da safe, fitilar inji ta kama, daga nan sai hayaƙi. Wani maƙwabcina mai harkar shanu haka aka yi masa, sabis biyu kacal a wajen yaron da ya saba gyara masa tsohuwar motarsa, da ya koma wurin dila suka buɗe littafin sabis ba hatiminsu ko ɗaya, suka ce garanti ya faɗi, daga aljihunsa ya biya.

Giya ma haka. Da yawa cikin ƙananan motocin yanzu CVT ne, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fulai biyu, yana da mansa na musamman, ka zuba masa man giyar otomatik na gama-gari sai ya fara zamewa, kuma a nan ba kasafai ake gyara shi ba, sai dai a sauke a sa wani. Sannan duk wanda ya ce zai cire maka tamostat ko ya haɗa fanka kai tsaye wai don kar ta yi zafi, ko ya zuba ruwan famfo a lagireto, ko ya fasa salansa ya cire katalis mai tace hayaƙi, karɓi makullinka ka tafi. Kwamfutar motar tana lissafin mai ne da zafin inji da abin da sensa ta gaya mata, ka rikita su ta dinga zuƙar fetur, ga shi tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take.

Nawa ra'ayin, a Legas sabis duk kilomita 5,000 ne ko wata 6, ko littafi ya ce 10,000. Awa biyu a gosulon gadar Third Mainland da esi a kunne, inji na aiki mita ba ta ƙirga komai ba. Kuma a wurin dila za ka yi har garanti ya ƙare, da tsada na sani, amma ka ajiye kowane rasit. Wajen sa tiraka, wato na'urar bin sawun mota, da manyan sifiku ma kar wani ya yanka maka waya, tambayi dila tukuna.

Sauran a gurguje. Fetur ka tsaya gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su, ban da na jarka, ka tuna gurɓataccen man Fabrairun 2022 da ya kwantar da motoci. Da damina, musamman ɓangaren Lekki, ruwan da ya kai rabin taya juya kawai, in kuma ta mutu a ciki kar ka sake murza makulli, cire kan batir ka kira motar ja. Inshora ka yi cikakkiya, ka sa su nuna maka a rubuce cewa ambaliya na ciki.