Yadda za ka karanta yarjejeniyar dillali kafin ka sayi gida a Amurka

Shekaru da dama, wanda ya tashi sayen gida a Amurka bai cika tambayar wanda ke biyan dillalinsa ba, domin abin da aka saba shi ne mai sayarwa ya ware la'ada ta kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na kuɗin gidan, dillalinsa kuma ya raba ta da dillalin mai saye. A watan Oktoba na 2023 wata kotun tarayya a jihar Misuri ta samu ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, wato NAR, da wasu manyan kamfanoni da laifin haɗa baki wajen tsawwala la'ada, aka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. Ƙungiyar ta yi sulhu a watan Maris na 2024 a kan dala miliyan 418, sababbin ƙa'idoji kuma suka fara aiki ranar 17 ga Agusta na 2024. Tun daga ranar, dillalin da ke aiki da rumbun tallar gidaje na MLS, wato shafin da dillalai ke jera gidajen da ake sayarwa, ba zai zagaya da kai ka duba gida ba sai kun sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya, kuma an hana sanya tayin la'adar dillalin mai saye a cikin rumbun.

Sau da yawa ana miƙo wannan takarda ne a ƙofar gida na farko, ko a turo ta ta waya a ce ka danna ka sa hannu, alhali hankalinka yana kan ɗakunan da kake ɗokin gani. Ka nemi a turo maka ita kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Idan kuwa gida ne da mai shi ya buɗe wa kowa ya shiga ya duba, kuma ka je kai kaɗai, ba ka buƙatar sa hannu a komai.

Ka fara da layin kuɗi. Ƙa'ida ta tanadi cewa a rubuta la'adar a fili, ko dai kaso daga kuɗin gidan, ko adadi tsayayye, ko kuɗin awa, kuma ba a yarda a rubuta cewa dillali zai karɓi duk abin da mai sayarwa ya bayar ba. Haka nan dillalin ba zai karɓi fiye da abin da kuka rubuta ba, ko da wani ya yi masa tayin ƙari. Babu dokar da ta ƙayyade la'ada, wajibi ne ma takardar ta faɗi haka, saboda haka idan aka ce maka "ai haka kowa ke biya", ka ɗauke shi a matsayin buɗe ciniki.

Inda mutane suka fi shiga matsala shi ne giɓin da ke tsakanin abin da ka yi alkawari da abin da mai sayarwa ya yarda ya ɗauka. A ce ka sa hannu a kan kashi 2.5, gidan kuma ya kama dala 400,000, la'adar ta zama dala 10,000 ke nan. Idan mai gidan ya amince da kashi 2 kawai, wato dala 8,000, ragowar 2,000 daga aljihunka za ta fito ranar kammala ciniki, a daidai lokacin da kuɗin da ka ajiye na farko da sauran kuɗaɗen takardu suka riga suka kwashe abin da ka tara. Idan ya ƙi bayar da komai, duka 10,000 ɗin na kanka, kuma galibi masu ba da lamunin gida ba sa yarda a cusa wannan kuɗi cikin bashin. Har yanzu masu sayarwa da yawa suna biya, sai dai yanzu dole ka nema a cikin tayin da za ka miƙa. Ka sa dillalin ya tambayi matsayin mai gida kafin ka ƙwallafa rai a kan gidan, kuma ka gaya wa mai ba ka lamuni abin da ka sa wa hannu tun da wuri.

Daga nan sai wa'adi da iyaka. Wasu takardun suna ɗaure ka da kamfani ɗaya na wata shida ko shekara, a kan kowane gida a faɗin jihar. A ganina, wanda bai taɓa aiki da dillali ba bai kamata ya wuce wata ɗaya a karon farko ba, ko ma ya taƙaita yarjejeniyar ga gidajen da za a nuna masa a wannan rana, idan aiki ya yi kyau a sabunta. Ka kuma lura cewa da kamfanin kake ƙulla yarjejeniyar, don haka ko dillalin da ka saba da shi ya bar aiki, alkawarin yana nan a wuyanka.

Akwai wani sharaɗi da ake yawan tsallakewa, wanda ke cewa idan ka sayi gidan da dillalin ya taɓa nuna maka cikin wasu watanni bayan rabuwarku, yana bin ka la'ada. Sharaɗin yana da hujja, domin yana kare dillali daga wanda zai ci moriyar wahalarsa ya zagaye shi, amma ka nemi a gajarta lokacin, kuma a ba ka sunayen gidajen da abin ya shafa a rubuce, don kada ka wayi gari dillalai biyu suna neman haƙƙinsu a kan gida ɗaya. Ka duba yadda ake warware yarjejeniyar: kwana nawa ne sanarwa, kuma ko akwai tara.

Idan takardar ta nemi izininka dillali ɗaya ya wakilce ka ya kuma wakilci mai sayarwa, ka dakata, domin wanda ya san ƙarshen abin da za ka iya biya ba zai iya yi maka ciniki da zuciya ɗaya ba alhali ɗaya ɓangaren ma nasa ne. Jihohi irin su Filorida da Kolorado sun haramta hakan. A inda aka halatta, kana da damar soke wannan layin, ku sa harufan farko na sunayenku a gefe, ka karɓi kwafinka kafin ku fita duba gida na farko.