Yadda nake bambance Adafta, Dekoreta da Furoksi

Na daɗe ina rikita waɗannan tsare-tsaren rubuta manhaja guda uku, kuma zane ne ya jawo. In ka zana su a takarda, kamar an tsaga kara: wani aji (class, wato samfurin da ake ƙera abubuwa da shi a kod) ya riƙe wani abu a cikinsa, kira ya zo, ya miƙa masa. Cikin tsare-tsare 23 da Gamma, Helm, Johnson da Vlissides suka jera a littafinsu na 1994, bakwai ne suka shafi fasalin gini, amma waɗannan ukun suka fi ba ni wuya.

Yanzu na bar kallon zane, kod ɗin nake yi wa tambaya. Ta farko: fuskar da mai kira yake gani, ita ce ta abin da ke ciki? In ta sauya, Adafta ne, magana ta ƙare. Tafinta ne kawai. A yaren rubuta manhaja na Java, InputStreamReader yana karɓar InputStream mai ba da bayit, ya fito maka da Reader mai ba da haruffa.

In fuskar ba ta sauya ba, nan ake yin ta, domin Dekoreta da Furoksi duk rigar abin da suka rufe suke sanyawa. Sai ka duba wa ya haɗa su. A Dekoreta kai ne da hannunka kake miƙa abin, kuma kana iya ɗora riga kan riga: BufferedInputStream mai tara bayit a kan GZIPInputStream mai warware abin da aka matse, shi kuma a kan FileInputStream mai karanta fayil. Kowanne ya ƙara nasa aikin ya wuce da kiran.

Furoksi kuwa mai gadi ne, sau da yawa ba ka ma san yana bakin ƙofa ba. Shi ke yanke ko kiran zai wuce, da lokacin da za a ɗauko ainihin abin. Hibernate, kayan aikin Java da ke haɗa manhaja da rumbun bayanai, kan ba ka Furoksi a madadin bayanin, ba ya leƙa rumbun bayanai sai ka nemi wani abu a ciki. Shi ya sa in ka rufe Session, wato zaman hulɗarka da rumbun, kafin ka taɓa Furoksin, sai ya jefo maka kuskuren LazyInitializationException.

Akwai inda har yau nake gardama da abokan aiki: ajin da ke ajiye amsa don kada a sake tambaya. Ni Furoksi nake kiransa, tunda yana iya hana kiran isa ciki gaba ɗaya. Dekoreta ba aikinsa ba ne tare hanya.

Fasad, wani tsarin cikin bakwai ɗin nan, bai cika shiga wannan rigima ba. Ƙirga abubuwan da ya rufe: in ajujuwa ne da yawa a bayan sabuwar ƙofa ɗaya mai sauƙi, shi ne.