Yadda Ake Haɗa Jerin Launukan Fenti Daga Garin Marwa

Mai sana'ar fenti da ya tashi a Marwa, a arewacin Kamaru, yana iya haɗa jerin launuka na kansa, waɗanda duk ɗan garin da ya gan su zai gane inda aka ɗebo su, maimakon ya dogara da kundin launukan da ake kawowa daga Duwala ko Turai, wanda aka tsara domin hasken wata ƙasa dabam. Aikin yana farawa ne da yawo a ƙasa da ƴan ledoji a aljihu. A ɗebi rairayin kogin Mayo Kaliyawo lokacin rani da ruwa ya ƙafe, a ɗebi baƙar ƙasar karal da ake dasa masakwa a cikinta, a tsinko ganyen darbejiyar da ta yi wa titunan garin inuwa, sannan a je wurin majema da dukawa a nemi guntun jar fata. Hoton waya ba abin dogaro ba ne, domin kowace waya da irin yadda take sauya launi, saboda haka abin da kansa za a kawo shago a ajiye kusa da bokiti.

Son gari yakan sa mutum ya so shigar da komai, kuma a nan ne ya kamata a kama kai. Launi 8 zuwa 12 sun isa jerin farko, kuma fiye da rabinsu su kasance masu sanyi da za a iya shafe ɗaki gaba ɗaya da su, kamar ruwan rairayi, da ruwan toka irin na duwatsun Mandara, da farin auduga. Masu ƙarfi, irin su jan fata da shuni da ruwan goro, a bar su biyu ko uku domin ƙofa da taga da gindin bango. A ganina koren darbejiya ne ya fi wuyar kamawa, domin koren da ake sayarwa yana da tsanwa da yawa, sai an karya shi da ɗan jan ƙasa kafin ya kwanta kamar ganye mai ƙura.

Wajen haɗi, a riƙe farin fenti iri ɗaya na kamfani ɗaya, a auna lita 1, sannan a riƙa zuba ruwan launi da sirinji, ana rubuta kowace mililita a littafi nan take. Haɗin da aka yi da ido, komai kyansa, ba ya maimaituwa, kuma ranar da mai gida ya dawo neman ƙarin bokiti biyu za a ji kunya. Kada a cika ruwan launi fiye da abin da kamfanin ya rubuta a jikin gwangwani, domin fentin zai ƙi bushewa da kyau, ya riƙa bin tufafin mutane.

Gwaji a bango shi ne ya fi cin lokaci. A shafa kowane launi sau biyu a faɗin mita 1, ɗaya a bangon da rana ke duka, ɗaya a cikin ɗaki, a duba shi da hantsi, da azahar, da kuma dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Fentin ruwa yakan ɗan yi duhu idan ya bushe, farar ƙasa kuwa haske take ƙarawa sosai. Idan yaɓen siminti sabo ne, a jira kwana 28 kafin a shafa, in ba haka ba kaifinsa zai cinye launin. Wanda ke da haƙuri ya bar gwajin waje ya sha ƙurar hunturu, da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, da ruwan Agusta. Ja da rawaya da ruwan ƙasa da aka yi da tsatsar ƙarfe suna jure rana da siminti, amma ja mai walƙiya da wasu shuɗaye sukan koɗe da wuri, don haka wurinsu cikin ɗaki ne. A kuma tambayi dillali batun dalma, musamman a fentin mai rawaya da ja, domin tun 2017 Kamaru ta hana fentin da dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan, saboda illar da take yi wa ƙwaƙwalwar yara.

Suna yana zuwa ne bayan launi ya ci jarrabawa. A ba kowanne sunan abin da aka ɗauko shi, kamar Rairayin Kaliyawo ko Inuwar Domayo (wata unguwa a Marwa), da Hausa ko Fulatanci, a sa fassarar Faransanci a ƙasa domin ƴan kwangila, kuma a haɗa shi da lamba saboda yaran shago kada su rikita. Katin nuni a shafa shi da ainihin fentin a kan kwali mai kauri, domin injin buga takarda ba ya fitar da launin daidai. Idan kasuwa ta karɓi jerin har ana neman sa daga Garwa da Kusiri, sai a yi rajistar sunansa a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar sunayen kaya da ke Yawunde, wadda rajistarta ke aiki har a Cadi da Nijar.