Yadda ake sayar da kaya a taron gida ba tare da ɓata zumunci ba

Tsarin wannan sana'a mai sauƙi ne: mace ta gayyaci ƙawayenta da maƙwabta zuwa gidanta, mai kaya ta zo ta nuna musu hajarta, su yi oda, ita kuma mai masaukin ta samu tukuici gwargwadon cinikin da aka yi. Kamfanin Tupperware na Amurka ne ya fi yin suna da wannan hanya. Earl Tupper ya fito da robobinsa masu murfi a 1946, amma suka yi kwantai a shaguna, domin masu saye ba su gane amfanin murfin ba. Sai wata mata, Brownie Wise, ta riƙa shiga falon mutane tana cika roba da ruwa, ta rufe, ta jefa wa wata daga cikin baƙi, ko ɗigo bai zuba ba. A 1951 kamfanin ya janye kayansa daga shaguna, ya dogara kacokan ga tarukan gida.

Wannan tarihi ya nuna irin kayan da ya kamata ke mai kaya ki zaɓa: wanda sai an gani da ido, an taɓa da hannu, ko an shinshina, sannan a yarda da shi, kamar kayan kicin, turare ko man shafawa. Ki fara amfani da shi da kanki na ɗan lokaci, domin tambaya ɗaya ta isa ta tona asirin wadda ba ta san hajarta ba.

Mai masauki ita ce ginshiƙin taron, kuma a nan nake ganin ya fi dacewa a yi hattara. Baƙin nan ba don ke suka zo ba, don ita suka zo, saboda haka mutuncinta ne ta ara miki. Ku yi magana tun da wuri a kan tukuicinta, kuma ki roƙe ta ta gaya wa kowa a fili cewa taron nuna kaya ne, kada wata ta zo hira ta tarar da kasuwa. Mutum takwas zuwa goma sun wadatar, kuma nunin bai kamata ya wuce rabin sa'a ba. Ki miƙa kayan su zagaya hannu zuwa hannu, ki faɗi abin da suke yi da abin da ba sa yi. Idan lokacin oda ya yi, ki koma gefe da littafinki, kowa ta same ki ita kaɗai, yadda wadda ba ta da hali za ta tashi ba tare da jin kunya ba. Cinikin da kunya ta jawo ba ya maimaituwa, kuma mai masaukin ce take kwana da haushinsa.

Ki rubuta wa kowa rasit ɗauke da ranar kawo kaya, ki kuma cika alkawarin. Bashi kuwa gara a guje shi tun farko, domin bin ƙawa bashi ya fi sayar mata wuya. Ki bincika dokar inda kike: a Amurka mai sayen kaya a irin wannan taro yana da kwana 3 na aiki da zai iya fasa cinikin idan kuɗinsa ya kai adadin da doka ta ƙayyade, a Tarayyar Turai kuma kwana 14 ne.

Wajen lissafi, kada ki ɗauki kamashon da kamfani ya ambata a matsayin riba, sai kin cire kuɗin samfur, tukuicin mai masauki, kuɗin mota da kayan da aka dawo da su. Idan kamfani ya matsa miki ki tara kaya da yawa a ɗaki, ko kika ga samun da ake yi ya fi fitowa daga shigo da sababbin masu sayarwa maimakon sayar wa kwastoma, ki janye jikinki. Kafin a watse kuma, ki tambayi wadda ta fi nuna sha'awa ko za ta so a yi taro na gaba a gidanta, domin ta haka ne za ki haɗu da mutanen da ba ki sani ba, ki huta da komawa kan dangi da ƙawayenki kullum.