Babi na 4: Bugun bindiga da ciwon kafaɗa ga sabon mai harbin faifai

Darasi na 1: Mene ne ke bugun ka

Toh jama'a, wannan wasan na harbin faifai an fi yin sa a Ingila da Amurka da Italiya, har a gasar Olamfik ana yi. Inji ne ke cilla faifai sama, faɗinsa wajen santimita 11, kai kuma ka harbe shi kafin ya faɗo. Zagaye ɗaya faifai 25 ne, kwalin harsashi ma 25 ne a ciki. Duk sanda harsashi ya fita gaba, bindigar sai ta dawo baya, gindinta ya sami kafaɗarka. Gindin bindiga shi ne wancan katakon mai faɗi na baya, ba inda wuta ke fita ba. Kar kowa ya ji kunya, ni ma ranar farko da na yi zagaye biyu washegari da ƙyar na sa riga.

Darasi na 2: Inda ake ajiye gindin bindiga

Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka a nutsu. Ajiye littafin a cinya. Ɗaga gwiwar hannunka na dama, idan bahago ne kai na hagu. Sa ɗaya hannun ka laluba tsakanin ƙashin da ke ƙasan wuya da tudun kafaɗa, za ka ji wani ɗan kwarmi mai laushi. Ka ji shi? Madalla. Nan ne gidan gindin bindiga. Ba kan dantse ba, ba kan ƙashi ba. Cikin kwarmin.

Sai ka jawo ta ta manne, ko takarda kar ta iya shiga tsakani. Gwada da abokinka: ya ɗora dunƙulen hannu a ƙirjinka ya tura, ka ga turawa ce kawai. Yanzu ya ja hannun baya kaɗan ya kawo da ƙarfi, ai ya zama naushi. Haka bindiga take, in ka bar mata fili naushinka za ta yi, in ta manne tura ka kawai za ta yi.

Mu sake. Gwiwar hannu sama, nemo kwarmi, manna. Sannan kunci ya kwanta kan katakon, bindigar ce ke tasowa ta sami fuska, ba kai ke sunkuyar da kai kana nemanta ba. Sake yi da bindigar da aka buɗe aka tabbatar ba harsashi, sau 10 gaban madubi. Kwarmi, manna, kunci. Sannu a hankali za ta zauna, ba a koyon wannan rana ɗaya.

Amma fa wallahi wasunku suna ba ni mamaki, na faɗa na maimaita, da faifai ya tashi sai mutum ya ɗaga kai yana leƙe kamar mai jiran mota, bindiga ta saki kafaɗa, ta bugi dantse ta haɗa da muƙamuƙi, sannan ya zo yana ce min malam bindigar nan ba ta da kyau. Lafiyarta ƙalau. Kai ne ba ka manna ba. Kuma masu tsoron bugun suna ɗan janye ta daga jiki, wai don kar ta yi zafi, to wannan ne ke ƙara zafin. Manna ta, don Allah.

Darasi na 3: Tsayuwa

Badamme ƙafar hagu ce a gaba, nauyin jiki ya fi yawa a kanta, ka ɗan rusuna gaba. Mai jingina baya shi ne bugun ke girgizawa. Kuma dai, kwarmi, manna, kunci.

Darasi na 4: Harsashi da bindiga

Duba jikin kwalin harsashi, akwai lamba, ita ce nauyin ƙwayoyin da ke cikin kowane harsashi. Nemi mai giram 21 ko 24, bar mai 32 tukuna. 'Yan Olamfik ma ba sa wuce 24. Bindiga mai nauyi ta fi marar nauyi sauƙin bugu in harsashin iri ɗaya ne. Sa a liƙa mata roba mai laushi a gindi. Abin toshe kunne da tabarau dole ne, ƙarar ma na sa mutum zabura.

Darasi na 5: In kafaɗa ta yi tsami

Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20. Huta kwana biyu uku. Kwali ɗaya ko biyu ya ishi sabon shiga a rana. In hannu ya mutu ko ya ƙi ɗaguwa, je asibiti.

Darasi na 6: Bita

Koma Darasi na 2.