Tsohon soja mai tabo da raunin tsoka: yadda za ka nemi a sake duba haƙƙinka

Kawuna ya dawo daga Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da ɓarɓashin bam a cinya, likitan da ya duba shi kallo ɗaya ya yi ya rubuta wai ciwo ya warke saura tabo. Toh fata ta rufe kam, amma bawan Allahn nan ko tsuguno baya iyawa, sallah ma a kan kujera yake yi. Shi yasa nake cewa in zaka koma ƙorafi a kan haƙƙin rauninka kar ka je nuna tabo kawai, ka je da shaidar abinda tabon ya hana ka.

Fara da takardar da ta nuna a bakin aiki ka ji raunin, katin asibitin soja na lokacin, takardar sallama, lambarka ta soja. In sun ɓace ka nemo waɗanda kuka yi bataliya ɗaya su rubuta abinda suka gani.

Sai ka koma wajen likitan ƙashi, nan ne aikin yake wallahi. Ka roƙe shi ya auna tsawo da faɗin tabon da santimita, ya rubuta ko yana zafi in an taɓa, ko yana tsagewa, ko ya manne da naman ciki. Ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5 suke auna shi, a sa lambar a rubuce, a zagaya cinyoyin biyu da tef a ga wadda ta rame, a yi hoton ƙashi ko akwai sauran ƙarfe. Kuma dan Allah ka ajiye jarumtar bariki a gida, in sanyin hunturun Jos na hana ka bacci ka faɗa. A Amurka ma tabo ɗaya ko biyu masu ciwo kashi 10 cikin 100 na naƙasa ake lissafa wa tsohon soja, biyar zuwa sama kashi 30, ka ga zafin kansa abin lissafi ne.

Wasiƙar ƙorafinka kar ta wuce shafi ɗaya, ka nemi kwamitin likitoci ya sake zama a kan lamarinka. Hukumar fanshon soja tana Dutse Alhaji a Abuja, amma ka fara leƙawa ofishin Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, su nuna maka inda ya kamata takardar ta shiga. Fotokwafi zaka bayar banda na asali, kuma kar ka bar wajen sai an buga maka hatimi da kwanan wata a naka kwafin.