Yadda ake karrama ɗaliban rediyon makaranta idan sun zo kammala sakandare

A yawancin makarantun sakandare na arewacin Najeriya, abin da ake kira rediyon makaranta bai wuce makirufo ɗaya da na'urar ƙara sauti da lasifika biyu da aka ɗaura a jikin ginin ofis ba, ko kuma shiri da ƴan ƙungiyar aikin jarida suke naɗa a waya su tura wa iyaye ta WhatsApp. Dalili kuwa shi ne watsa shiri ta iska yana buƙatar lasisi daga hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin na Najeriya, wadda aka kafa a 1992, kuma a cikin makarantu jami'o'i ne suka fi samunsa, kamar Jami'ar Bayero ta Kano mai tashar BUK FM a kan mita 98.9. A Amurka akwai sakandare masu cikakkiyar tasha, irin WNAS ta garin New Albany a jihar Indiana, wadda ta fara aiki tun 1949. Ko tashar babba ce ko ƙarama, ɗalibai ne suke ɗauke da ita ba tare da an biya su ko sisi ba, kuma idan suka kai ajin ƙarshe, malamin da ke kula da su yana da nauyin sallamarsu yadda ya dace.

Mataki na farko shi ne tsayar da rana, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Ɗaliban aji shida suna shiga jarrabawar WAEC a wajajen watan Mayu, su zarce da NECO zuwa Yuli, kuma da zarar an ajiye biro a takarda ta ƙarshe sai kowa ya kama gabansa, musamman a makarantun kwana inda wasu daga wata jihar suka zo. Saboda haka ya fi kyau a yi taron a zangon karatu na biyu, kafin hankalin yara ya koma kan jarrabawa baki ɗaya. Ranar 13 ga Fabrairu, wadda hukumar UNESCO ta ware a matsayin Ranar Rediyo ta Duniya, ta dace ƙwarai idan ta faɗo a ranar makaranta kuma ba ta ci karo da azumi ba. Kada a cusa karramawar cikin ranar jawabi da raba kyaututtuka ta makaranta, domin a can ba za ta samu fiye da minti biyar ba, a tsakanin jawabin babban baƙo da kyautar wanda ya fi kowa lissafi.

Daga nan sai a zauna a fitar da sunaye, kuma kada malami ya dogara da abin da ya iya tunawa. Muryar da ake ji kullum ita ke tsayawa a zuciya, shi ya sa mai karanta labarai ba ya ɓacewa daga lissafi, amma yaron da yake zuwa tun kafin a kaɗa ƙararrawa ya jona wayoyi, da yarinyar da take bin ajujuwa tana tattaro labarai, da wanda yake fassara su daga Turanci zuwa Hausa, da mai gudu ya tayar da janareto idan an ɗauke wuta a tsakiyar shiri, su ne ake mantawa da su. A ɗauko jadawalin aiki na shekarun da suka gabata, a kuma tambayi ɗaliban kansu wane ne ya yi me, domin sun fi malami sanin wanda ya riƙa cike gurbin wani ranar da bai zo ba. A ganina bai kamata a fitar da na ɗaya da na biyu ba. Aikin sa kai ne suka yi, kuma gara a ambaci kowa da irin hidimar da ya yi a kan a raba su da matsayi a ranar rabuwa.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma shi ne zuciyar taron: haɗa shiri na musamman daga muryoyin masu tafiya. Wanda ya yi aikin rediyo, da sauti ya kamata a karrama shi. A binciko tsofaffin shirye-shiryen da aka naɗa, a wayar malami ne ko a kwamfutar makaranta, a tsamo wa kowane ɗalibi guntaye biyu, ɗaya daga farkon shigarsa lokacin da muryarsa take rawa yana haɗiye ƙarshen kalmomi, ɗaya kuma daga kwanan nan. Kowane guntu kada ya wuce daƙiƙa talatin. Idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya, iyaye da malamai za su ji da kunnensu nisan da yaron ya yi, ba sai wani ya tashi ya yi dogon bayani ba. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa wannan aiki na yankawa da daidaita ƙarfin sauti. Waɗanda ba a taɓa jin muryarsu a shiri ba, sai ɗan aji biyar ya yi hira da su ta minti ɗaya a kan ranar da aikin ya fi ba su wahala. Akwai sha'awar saka tuntuɓen harshe domin a yi dariya, kuma babu laifi, amma sai an sa mai muryar ya saurara tukuna ya amince, domin abin da ke ba aji dariya yana iya zama abin kunya a gaban uba.

Sai takardar shaida. A rubuta cikakken sunan ɗalibi kamar yadda yake a rajistar jarrabawarsa, da aikin da ya riƙe, da sunan shirin, da shekarun da ya yi, sannan shugaban makaranta ya sa hannu a buga hatimi. Takardar da ta ce kawai wane ya kasance ɗan ƙungiya ba ta da wani amfani, amma wadda ta ce ya shekara biyu yana tace labaran safe, ita zai nuna idan ya je neman gurbi a tashar jami'a ko neman koyon aiki a wani gidan rediyo lokacin da yake jiran sakamako. Kyauta kuwa ba sai mai tsada ba: katin memori ɗauke da shirye-shiryen da ɗalibin ya yi ya fi kofin roba mai ruwan zinare daraja, kuma ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya ɗaukar kuɗinsa idan aka rubuta mata da wuri.

Idan za a gayyato baƙo, a nemo ma'aikacin rediyo da yaran suka saba jin muryarsa daga tashar garin, a aika masa da takarda mako uku kafin ranar, a kuma faɗa masa cewa minti goma aka ba shi. Haka nan a sanar da iyaye a rubuce, a nemi izininsu kafin a ɗora hoto ko muryar ƴaƴansu a Facebook, musamman ƴan mata.

A ranar taron, ƴan aji biyar ne za su riƙe komai, daga gabatarwa har zuwa kula da na'urori, masu tafiya kuma su zauna a sahun gaba a matsayin baƙi. A gwada lasifika tun da safe, a tanadi man janareto, a buɗe da addu'a, a saka shirin muryoyi kafin jawabai tun hankalin jama'a yana wuri ɗaya, kuma kada taron ya haura awa ɗaya da rabi. Wajen miƙa takardu, malami ya faɗi jimla ɗaya ta gaskiya a kan kowane ɗalibi, abin da shi kaɗai ya yi, maimakon a yi ta maimaita haziƙi kuma mai ladabi har sau goma sha biyu.

Abu na ƙarshe shi ne miƙa aiki, kuma a gaban jama'a ya kamata a yi shi. Kowane mai tafiya ya kira sunan wanda zai gaje shi, ya damƙa masa littafin jadawali ko makullin ɗakin na'urori ko makirufo, gwargwadon aikinsa. Bayan an watse, malami ya karɓi lambar sirrin shafukan tashar ya sauya ta, ya rubuta lambobin wayar iyayen masu tafiya a littafin ƙungiya domin a iya gayyato su baɗi, sannan ya ajiye kwafin shirin ranar a wuri biyu daban, ɗaya a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a hannun sabon shugaban ɗaliban.